Yadda baladiyya ke ba da kwangilar gini a Saudiyya: jagora daga haɗa takardu zuwa miƙa aiki

Abu na farko da ya kamata mai neman kwangilar gini a Makka, Jidda, Madina ko Ɗa'if ya sani shi ne baladiyya, wato ƙaramar hukumar gari, ba ta da dokar kwangila ta ƙashin kanta. Wanda ya saba da Najeriya, inda dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tsaya a kan tarayya, jihohi kuma kowace ta yi tata, zai ga bambanci a nan. A Saudiyya doka ɗaya ce ke ɗaure ma'aikatu da amana da baladiyya baki ɗaya, wato Nizamul Munafasat wal Mushtarayatil Hukumiyya, wadda aka fitar da umarnin sarki mai lamba M/128 a ranar 13 ga Zulƙida 1440, daidai da watan Yuli 2019, ta fara aiki a Disamba 2019, ta maye gurbin ta 2006. Amana ita ce babbar hukumar gari ko yanki, baladiyyoyi suna ƙarƙashinta, dukkansu kuma suna ƙarƙashin ma'aikatar harkokin baladiyya da gidaje. Saboda haka ƙa'idar da za a bi wajen ba da aikin shimfiɗa kwalta a wata unguwa ta Makka ita ce za a bi wajen gina kwalbati a Jizan, kuma akasarin waɗanda ke faɗuwa, takarda ce ko wa'adi ke kayar da su tun kafin a dubi farashinsu.

Mataki na farko: ka san matsayinka a gaban doka

Hausawan da ke wannan sana'a a ƙasar nan iri uku ne, kuma doka ba ta kallonsu da ido ɗaya. Akwai ɗan ƙasa, wanda kakanninsa suka zo hajji suka zauna, yana da katin ɗan ƙasa, yana iya buɗe mu'assasa, wato kasuwancin mutum ɗaya mai rajista, ko kamfani da sunansa ya shiga gasa kai tsaye. Akwai mai iƙama, wato baƙo mai takardar izinin zama, wanda aikinsa ya taƙaitu ga wurin da aka ɗauke shi, ko da kuwa shi ne ya fi kowa sanin rodi da siminti a wurin. Akwai kuma kamfanin da ke zuwa daga Kano, Abuja ko Yamai, wanda sai ya bi ta Ma'aikatar Zuba Jari ya yi rajista kafin ya sami damar yin kasuwanci a ƙasar.

Mai iƙama ne ya fi bukatar gargaɗi. Tsohuwar dabarar nan ta a buɗe mu'assasa da sunan ɗan ƙasa alhali baƙo ne ke juya kuɗin, yana ba mai sunan wani abu duk wata, laifi ce da ake kira tasattur. Dokar da aka sabunta a 2020 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 5, ban da rufe kasuwancin da korar baƙon daga ƙasa. Kwangilar gwamnati kuwa ita ce wurin da wannan asiri ya fi saurin tonuwa, domin kuɗin yana shiga asusun banki mai suna, albashin ma'aikata yana da rajista, haraji yana da rajista. Wanda ke da ƙwarewa amma ba shi da takardar ɗan ƙasa, hanyarsa ita ce ya yi aiki a fili a matsayin ma'aikacin kamfani da sana'ar da ke rubuce a iƙamarsa, ko ya nemi rajistar zuba jari idan ƙarfinsa ya kai.

Dokar ta kuma hana a yi hulɗar kwangila da ma'aikacin gwamnati, da wanda aka ayyana ya karye, da wanda bai kai shekara 18 ba, da wanda aka riga aka dakatar.

Mataki na biyu: takardu, kuma kowace da ranta

Kafin ka duba ko da aiki ɗaya, ka tara waɗannan: sijil tijari, wato rajistar kasuwanci, wanda ya ƙunshi irin aikin da kake nema, shaidar zama mamba a zauren 'yan kasuwa, shaidar biyan zakka da haraji daga hukumar ZATCA, shaidar inshorar ma'aikata daga hukumar ta'aminat, shaidar cika adadin 'yan ƙasa da doka ta ce a ɗauka aiki, rajista da Hukumar 'Yan Kwangila ta Saudiyya wadda aka kafa a 2015, da takardar tasnif, wato shaidar fanni da darajar ɗan kwangila. Idan kamfaninka ƙarami ne ko matsakaici, ka haɗa da shaidar hukumar Monsha'at mai kula da irin waɗannan kamfanoni, domin za ka ga amfaninta nan gaba.

Tasnif ya cancanci a tsaya a kansa. Ma'aikatar baladiyya ce ke bayar da shi ta dandalin Balady, bayan ta dubi ƙarfin kuɗin kamfani da injiniyoyinsa da ayyukan da ya taɓa yi, sannan ta sa shi a fanni da daraja. Fannin gine-gine dabam, na hanyoyi dabam, na ruwa da magudanai dabam. Darajar ce ke nuna girman aikin da kamfani zai iya nema. Wanda aka tantance a fannin gine-gine ba zai wayi gari ya nemi aikin titi ba don kawai yana da gireda. Idan aikin ya fi ƙarfin darajarka, doka ta yarda kamfanoni su haɗa kai su miƙa tayi ɗaya, matuƙar takardun gasar sun ba da dama, an kuma rubuta yarjejeniyar an tabbatar da ita kafin miƙa tayin, kowa a cikinsu yana ɗauke da alhakin aikin gaba ɗaya.

Abin da ke cin mutane a nan shi ne ƙarewar wa'adi. Ka buɗe littafi ka rubuta ranar da kowace takarda za ta mutu, ka sabunta ta tun da sauran lokaci, domin ana so a same su da rai a ranar buɗe tayi.

Mataki na uku: inda ake samun aikin

Tun daga 2018 Ma'aikatar Kuɗi ta buɗe dandalin Etimad, kuma a nan ake tallata gasa, a sayi takardunta, a miƙa tayi, a ga sakamako, daga baya ma a nemi biya. Doka ta wajabta wa kowace hukuma ta wallafa shirin ayyukanta a rubu'in farko na shekarar kuɗi, saboda haka mai lura yana iya hango abin da amanar garinsa ke shirin yi watanni kafin a tallata. Kada a haɗa wannan da dandalin Furas, wanda na haya da zuba jari a filayen baladiyya ne. Haka nan manyan kamfanonin da gwamnati ta mallaka galibi da nasu ƙa'idojin ba da kwangila suke aiki.

Asali dai gasa ce buɗaɗɗiya, kowa ya shigo. Sauran hanyoyin togaciya ne masu sharaɗi. Idan ƙiyasin aikin bai wuce riyal 500,000 ba, ana iya yin taƙaitacciyar gasa, a gayyaci kamfanoni da ba su gaza biyar ba, a fifita ƙanana da matsakaita na cikin gida. Idan bai wuce riyal 100,000 ba, ana iya bayarwa kai tsaye, haka ma a halin gaggawa ko inda mutum ɗaya ne kawai ke iya aikin. An kuma hana jami'i ya yayyanka babban aiki gunduwa-gunduwa don ya faɗo ƙarƙashin waɗannan iyakoki. A ganina sabon ɗan kwangila daga waɗannan ƙananan ayyuka ya kamata ya fara, irin gyaran gefen titi, shingen maƙabarta ko banɗakin kasuwa, domin da su ake gina tarihin da tasnif ke dubawa.

Tsawon lokacin talla yana bin girman aiki: kwana 15 aƙalla ga aikin da bai wuce riyal miliyan 5 ba, kwana 30 ga wanda ya wuce haka bai kai miliyan 100 ba, kwana 60 ga na miliyan 100 zuwa sama.

Mataki na huɗu: karanta kurrasa, sannan ka je ka ga wurin

Kurrasa ita ce kundin sharuɗɗa da siffofin aiki, kuma ita ce alƙalin kowace gardama da za ta taso daga baya. Da Larabci ake rubuta ta, idan ma an haɗa da wani harshe, Larabcin ne ke rinjaye a gaban hukuma. Ka karanta ta da kanka, ka kuma sa injiniyanka ya karanta, musamman jadawalin adadin kaya, ma'aunin da za a yi amfani da shi wajen tantance tayi, tsawon lokacin aiki, da babin tara. Duk abin da ya shige maka duhu, ka yi tambaya ta dandalin cikin wa'adin da aka ba da, domin amsar da aka rubuta tana zuwa ga kowa kuma hujja ce, maganar da wani ma'aikaci ya faɗa maka a baranda kuwa iska ce.

Zuwa ganin wuri ba al'ada ba ce kawai. Takarda za ta ce a haƙa rami mai zurfin mita biyu a shimfiɗa bututu, amma wanda ya san ƙasar Makka ya san cewa a unguwanni da yawa, ka kankare taku ɗaya sai ka ci karo da dutse, sai an kawo injin fasa dutse, kuɗin haƙa ya ninka. A Jidda matsalar akasin haka ce a sassan da ke kusa da teku: ruwan ƙasa yana kusa kuma da gishiri, sai an yi ta zuƙe shi da injin, sai kuma siminti mai jure gishiri. Ka duba faɗin layin, ko tirelar kaya za ta iya juyawa, ko akwai wayar lantarki da bututun ruwa a binne, da nisan wurin zubar da ɓaraguzai. Bayan ka sa hannu, babu wanda zai saurari cewa ba ka sani ba.

Ka lissafa lokaci da gaskiya. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana sa ma'aikata aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 na yamma. A watan azumi awannin aiki suna raguwa. A Makka da Madina cunkoson Ramadan da na hajji yana hana motsin manyan motoci a wurare da dama, kuma wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka, abin da ke shafar irin ma'aikatan da za ka iya kaiwa wurin.

Mataki na biyar: farashi da lamunin banki

Tayi yana tafiya da lamunin banki na farko, tsakanin kashi 1 da kashi 2 cikin 100 na kuɗin tayin, gwargwadon abin da kurrasa ta yanke. An ɗauke wa ƙanana da matsakaitan kamfanoni na cikin gida wannan nauyi, amma ba don su riƙa shiga suna fita yadda suka ga dama ba, domin wanda ya janye bayan an rufe karɓa zai biya daidai abin da lamunin zai kasance. Tayin yana nan daram har kwana 90 daga ranar buɗewa, saboda haka farashin rodi da ka sa yau, ka sa shi da tunanin wata uku masu zuwa da kuma watannin aikin.

Idan ƙiyasin aikin ya kai riyal miliyan 5, fayil biyu ake miƙawa, na fasaha da na kuɗi, kuma ba a buɗe na kuɗin wanda ya faɗi a na fasaha. Wajen cike jadawalin farashi akwai ƙa'idoji uku da suka isa a haddace. Idan lamba ta saɓa da abin da aka rubuta da haruffa, haruffan ake ɗauka. Idan farashin ɗaya ya saɓa da jimla, farashin ɗaya ake ɗauka a gyara jimlar. Idan kurakuran lissafi suka wuce kashi 10 cikin 100 bayan gyara, ana iya jefar da tayin. Kada kuma ka bar layi babu farashi, domin kwamiti na iya fitar da kai, ko ya ɗauka cewa ka riga ka sa kuɗin wannan layi a cikin jimlarka, ka yi aikin kyauta. Ka duba yadda kurrasa ta ce a nuna harajin kashi 15 cikin 100 da ake ƙarawa kan kaya da ayyuka tun Yuli 2020.

Bari mu ɗauki misali na ƙiyasi, aikin magudanar ruwa da shimfiɗa bulon gefen titi na riyal 2,000,000. Lamunin farko a kashi 1 zai zama 20,000. Idan ƙaramin kamfani na cikin gida ya yi tayin 2,000,000, babban kamfani kuma ya yi 1,900,000, a irin ayyukan da fifikon ƙanana ya shafa za a lissafa tayin babban kamar ya ƙaru da kashi 10, wato 2,090,000, sai ƙaramin ya zo gaba, a biya shi farashinsa yadda ya rubuta. A nan shaidar Monsha'at ke nuna amfaninta. Akwai kuma jerin kayan da hukumar kula da kayan cikin gida, wadda aka kafa a 2018, ta wajabta a saya daga masana'antun ƙasar, kuma kayan gini da yawa suna ciki. Wanda ya gina farashinsa kan kayan waje masu araha alhali suna cikin jerin, ya gina a kan yashi.

Karya farashi don a ci gasa ko ta halin ƙaƙa shi ne kuskuren da ya fi durƙusar da ƙananan 'yan kwangila. Idan tayi ya gaza ƙiyasin hukuma da kashi 25 cikin 100 ko fiye, kwamiti zai kira mai shi ya bayyana a rubuce yadda zai iya, idan bai gamsar ba a ajiye shi. Idan ma ya gamsar, shi zai kwana da asarar.

Mataki na shida: buɗewa, tantancewa da ƙorafi

Kwamiti ɗaya ke buɗe tayi, wani dabam ke tantancewa, kuma doka ta hana mutum ɗaya ya zauna a duka biyun, ta kuma hana shugaban kwamitin tantancewa ya zama shi ne mai sa hannun bayarwa. A kwamitin tantancewa akwai mai sa ido kan kuɗi, da masanin doka, da masanin aikin. Da ma'aunin da aka wallafa a kurrasa kaɗai za su auna, saboda haka mafi araha ba lallai ne ya ci ba. Idan tayi mafi kyau ya zarce farashin kasuwa ko kuɗin da aka ware, ana iya tattaunawa da mai shi ya sauko, idan ya ƙi a koma ga mai bi masa.

Bayan an sanar da wanda ya ci, ba a sa hannu nan take. Akwai tsaiko na ranakun aiki 5 zuwa 10 don wanda ke ganin an zalunce shi ya yi magana. Ƙorafi ana kai shi ga hukumar da ta ba da aikin cikin ranakun aiki 5, ita kuma tana da ranakun aiki 15 ta amsa, shirunta kuwa ƙi ne. Daga nan kana da kwana 3 kacal ka kai maganar gaban kwamitin da Ministan Kuɗi ya kafa, tare da lamunin da ya kai rabin lamunin farko, wato 10,000 a misalinmu, wanda za a mayar maka idan ka yi gaskiya. Ka tuna ranakun aiki daga Lahadi ne zuwa Alhamis. Ƙorafin da ke tasiri shi ne wanda ya nuna shafi da sakin layi na kurrasa ya ce ga inda aka saɓa. Wanda ya cika takarda da cewa an yi son kai ba tare da hujja ba, ya yi asarar lamuninsa.

Batun na goro kuwa a bar shi kwata-kwata. Dokar cin hanci ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 da tarar da za ta iya kai riyal miliyan 1, mai bayarwa da mai karɓa da ɗan tsakani duk suna ciki, kuma wajibi ne a soke kwangilar da aka tabbatar an samu ta haka. Mutanen Jidda ba su manta da ambaliyar Nuwamba 2009 ba, wadda ta kashe mutum fiye da 100, ta kuma jawo binciken da ya kai jami'ai da 'yan kwangila gaban kotu kan ayyukan magudanai. Wanda aka nemi ya ba da wani abu yana iya kai rahoto ga hukumar Nazaha mai yaƙi da cin hanci.

Mataki na bakwai: daga sa hannu zuwa miƙa aiki

Wanda ya ci yana da ranakun aiki 15 ya kawo lamuni na ƙarshe, kashi 5 cikin 100, wato 100,000 a misalinmu. Idan ya kasa ko bayan ƙarin lokaci, lamunin farko ya tafi, a nemi mai bi masa a gasar. Ka fara magana da bankinka tun ranar da ka miƙa tayi. Kwangilar da ta kai miliyan 5 ko ta wuce shekara ɗaya sai Ma'aikatar Kuɗi ta duba ta kafin sa hannu. Ana damƙa maka wurin aiki cikin kwana 60 daga sanarwa, sai in kurrasa ta ce wani abu dabam, kuma a takardar damƙawar ka rubuta duk wani cikas da ka tarar, ko rumfa ce ba a cire ba, ko turken lantarki.

Hukuma na iya ba ka kuɗin kafin alƙalami har kashi 10 cikin 100, sai dai da lamunin banki daidai da shi, ana cirewa sannu a hankali daga kowane mustakhlas, wato takardar neman biyan sashen aikin da aka kammala. Mustakhlas kuwa kan abin da injiniya mai sa ido ya auna ya amince ake biyansa. Na ƙarshe ba ya gaza kashi 10 a ayyukan gini, kuma ba ya fita sai an karɓi aikin karɓar farko ka kawo shaidun zakka da inshora. Ma'ana, a aikin miliyan 2 akwai 200,000 da za ka jira, ga 100,000 a ɗaure a banki, albashin leburori kuma ba ya jira.

Hukuma tana da ikon ƙara aiki har kashi 10 ko ta rage har kashi 20. Kada ka ɗaga ko shebur ɗaya na ƙarin aiki sai da umarni a rubuce daga mai ikon bayarwa. Tarar jinkiri a aikin gini tana iya kai kashi 20, wato 400,000 a misalinmu, wanda ya isa ya cinye riba ya taɓa uwar kuɗi. Idan jinkirin daga hukuma ne, ko an dakatar da kai, ka rubuta wasiƙa a lokacin da abin ke faruwa, domin da ita za ka nemi ƙarin wa'adi da yafe tara. Ba da wani sashe ga ƙaramin ɗan kwangila sai da izini a rubuce, har zuwa kashi 30, abin da ya haura haka zuwa kashi 50 kuma yana bukatar ƙarin amincewa, alhakin dai yana wuyanka. Wannan ƙofa ce mai kyau ga mu'assasar da ba ta riga ta yi ƙarfi ba, matuƙar sunanta ya shiga takarda.

Bayan karɓar farko akwai lokacin garanti da ba ya gaza shekara ɗaya, duk abin da ya lalace saboda aibin aiki kai za ka gyara, sannan a yi karɓar ƙarshe a saki lamuninka. Daga ranar kuma kana ɗauke da alhakin rushewar abin da ka gina, duka ko wani sashe, har shekara 10, idan aibin gini ne ya jawo. Rikicin kuɗi da ya ƙi warwaruwa yana zuwa kotun gudanarwa ta Diwanul Mazalim. Kwamitin ladabtarwa kuma yana iya hana kamfanin da ya yi maguɗi hulɗa da hukumomin gwamnati har shekara 5. Ma'aikatar Kuɗi kan yi wa ƙa'idojin zartarwa gyara lokaci zuwa lokaci, saboda haka a kowace sabuwar gasa ka gwada waɗannan alƙaluma da abin da ke rubuce a kurrasar da ka saya, ka kuma adana zanen aikin, sakamakon gwajin kankare da duk wasiƙun da kuka yi musaya har shekara goman ta cika.